Neman shawara: ta ina ƙaramar ƙungiyar wasan daɓe a Gombe za ta nemi tallafi?

Mai tambaya, malamar makaranta a Gombe:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jagorantar wata 'yar ƙungiyar wasan daɓe a cikin garin Gombe, maza da mata, yawanci ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i. Da Hausa muke wasa, wani lokaci mu surka da Fulatanci, akwai kuma 'yan'uwanmu daga Kaltungo da Billiri da ke kawo mana waƙoƙin Tangale. A wani aji muke gwaji bayan an tashi daga makaranta, kuma duk abin da muke kashewa karo-karo ne daga aljihunmu.

Abu biyu muke son yi. Na farko, mu zagaya makarantun sakandare a Dukku da Bajoga da Kumo da Kaltungo mu nuna wasanninmu. Na biyu, wanda ya fi tsaya mini a rai, mu naɗi waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa daga bakin tsofaffin mata. Tun da injin niƙa ya shiga kowace unguwa yara suka daina jin su, masu iya su kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kwanan baya wani mutum ya tuntuɓe mu ta WhatsApp, ya ce yana da hanya a wata ƙungiyar Turai da ke ba masu fasaha tallafi. Ya ce mu ba da Naira 50,000 kuɗin fom, in kuɗin ya fito kuma kashi 20 cikin ɗari nasa ne. Ba mu biya ba tukuna, amma wasu daga cikinmu sun matsa a biya kada damar ta wuce. Ba mu da rajista, ba mu da asusun banki na ƙungiya. Don Allah waɗanda suka san harkar nan su faɗa mana gaskiya: mu biya? In ba ta nan ba, ta ina ake bi? Kuma akwai tallafin da irinmu za su iya samu kuwa, ko na mutanen Legas da Abuja ne kawai?

Akanta a wata ƙungiya mai zaman kanta, Gombe:

Wa alaikumus salam Malama. Kada ku ba shi ko sisi. Masu ba da tallafi na gaskiya ba sa sayar da fom. Sanarwarsu tana fitowa ne a shafinsu na intanet, da sharuɗɗa da ranar rufewa, kowa ya shiga ya cike kyauta. Ki ce ya faɗa miki sunan ƙungiyar, ki je shafinta da kanki ki duba. In ya ƙi faɗa, kin samu amsarki.

Maganar kashi 20 ɗin ma ta fi kuɗin fom haɗari, ko da a ce tallafin na gaske ne. Duk kuɗin da aka ba ku, a kan kasafin da kuka rubuta aka ba ku, kuma a ƙarshe sai kun nuna rasit na abin da kuka kashe. Babu mai ba da tallafi da zai yarda a sa masa layin kason dillali a kasafi. To daga ina za ku cire masa nasa? Dole sai kun ƙara farashin mota ko na abinci, kun nemo rasit na ƙarya. Ke nan tun ba a fara aiki ba an jefa ku cikin ha'inci, kuma sunanki ne a takarda, nasa ba ya ko'ina. In kuna buƙatar wanda zai taya ku rubutu da Turanci, wannan aiki ne kamar kowane aiki: ku yi ciniki, ku biya shi ladan rubutunsa daga aljihunku, a samu ko kada a samu, shi ke nan.

Lauya, Bauchi:

Na goyi bayan Malam akanta. Ni bari in yi magana a kan rajista, tun da nan ne ƙungiyoyinmu na Arewa suka fi makalewa.

Ƙungiya irin taku da ba riba take nema ba, rajistar amintattu, wato mutanen da za su tsaya wa ƙungiya a gaban doka, ake yi mata a Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za ku zaɓi amintattu, ku rubuta kundin tsarin ƙungiya, ku kawo rubutaccen bayanin taron da aka naɗa su. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan takardar ta fito ku nemi lambar haraji, sannan takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin banki zai tambaye ku ita kafin ya buɗe muku asusun ƙungiya. In kuɗin waje kuke sa rai, sai kun ƙara da asusun dala ko na Yuro. Kowace shekara kuma akwai rahoton da ake miƙa wa CAC. Da yawa suna mantawa da shi, sai ranar da mai tallafi ya bincika ya ga an rubuta ƙungiyar ba ta aiki.

Shawarata a kan amintattu: kada ku ɗauko manyan mutane don sunansu ya ƙawata takarda. Ranar da banki ya ce sai an sa hannu, Alhaji yana Abuja ko yana Umra, wayarsa ba ta shiga. Ku sa mutanen da ke zuwa gwaji, waɗanda in an kira su yau za su zo yau. Manya ku ajiye su a matsayin iyayen ƙungiya.

Kafin rajistar ta kammala, akwai hanyar da ake bi. Wasu masu tallafi suna yarda ku shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai rajista, kuɗin ya sauka a asusunta, ku ku yi aikin. Ku duba sharuɗɗan ku tabbatar an yarda da haka, kuma ku rubuta yarjejeniya tsakaninku: nawa ne nasu na gudanarwa, yaushe za su sakar muku kuɗi, wa zai rubuta rahoto. Ko da shugaban ƙungiyar ɗan'uwanki ne ciki ɗaya, a rubuta.

Mai zane, Kaltungo:

Anti, akwai tallafin da ba ya buƙatar rajista ko kaɗan, domin mutum ɗaya ake ba. Wanda na fi sani shi ne na Asusun Prince Claus na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1996. Suna da tsarin da suke zaɓar masu fasaha 100 da ke farkon tafiyarsu daga Afirka da Asiya da Latin Amurka da wasu yankuna, su ba kowa Yuro 5,000 ya ci gaba da aikinsa. Ke za ki iya nema da sunanki a matsayin mai tsara wasa. Ki riƙa leƙa shafinsu don ganin ko sun buɗe, kuma ki karanta sharuɗɗan shekarar, kada ki dogara da na bara. Akwai kuma Art Moves Africa, su kuɗin tafiya suke biya in an gayyace ki biki ko horo a wata ƙasar Afirka. Akwai Asusun Al'adu na Afirka da ke Bamako a Mali, wanda ya fara a 2018. A nan gida, British Council na da ofishi a Kano, cibiyar al'adun Jamus ta Goethe na Legas, ta Faransa wato Alliance Française kuma akwai su a Kano da Jos. Ki bi shafukansu, lokaci-lokaci suna fitar da sanarwar horo ko ƙaramin tallafi.

Amma Anti, abin da zan roƙe ki shi ne ki fara tara shaidar aikinku daga yau. Wanda zai karanta takardarki yana can wata ƙasa, bai san Gombe ba, bai taɓa ganin wasanku ba. Abin da kika ɗora masa kawai yake gani. Mu nan muna aiki sosai amma ba ma ajiyewa: a yi wasa, jama'a su cika fili, a watse, babu hoto mai kyau ko ɗaya. Ki samu mutum ɗaya a cikinku aikinsa ke nan, ɗaukar hoto da bidiyo. Waya ma ta isa in akwai haske, in dai an kafa ta a wuri ɗaya kuma ana jin magana. Ki yanke bidiyo na minti biyu ko uku, ki sa fassarar Turanci a ƙasa. Duk makarantar da kuka yi wa wasa, ku nemi shugabanta ya ba ku 'yar wasiƙa mai tambari.

Maganar mutanen Legas kuwa, abin da suka fi mu shi ne sun saba da neman. Suna nema, a ƙi su, su gyara su sake nema. Mu sau ɗaya ake ƙin mu mu ce ai dama an riga an zaɓi waɗanda za a ba. Masu nema suna da yawa ƙwarai, don haka ƙin farko ba ya nufin aikinki bai kai ba.

Dattijo, tsohon ɗan wasan kwaikwayon rediyo, Bauchi:

'Yata, na karanta duka, kuma yaran nan sun faɗa miki gaskiya. Sai dai ni akwai abin da nake ji miki tsoro, wanda ya fi ɗan damfarar nan. Na ga ƙungiyoyi masu kyau da suka lalace bayan kuɗi ya shigo. Da suna wasa a kan abin da ke damun unguwarsu, mutane na dariya suna kuka. Da suka ɗanɗana kuɗin tallafi sai suka koma jiran sanarwa: bana an ce allurar rigakafi, su yi wasan rigakafi, baɗi an ce zaɓe, su yi na zaɓe. Ban ce wayar da kai laifi ba ne, mu ma mun yi, kuma ya amfani jama'a. Amma wannan kwangila ce, an ɗauke ka ka isar da saƙon wani. Ranar da kwangila ta ƙare sai ka tarar yaran sun daina zuwa gwaji in babu alawus, wasan da kuka fara don shi kuma an manta yadda ake yinsa.

Zagayen makarantun nan da kike so, ki tambayi kanki me yake ci. Mota ce, da abinci, da lasifika. Wannan bai kai a jira Turai ba. Ki je wa shugabannin makarantun, ki je wa ƙungiyar iyaye da malamai, ki je wa tsofaffin ɗalibai. Wata makarantar za ta ɗauki abinci, wata ta turo motarta. Ki je gidan rediyo, su ba ku fili ku yi shelar zuwanku, ku kuma ku ba su wasa na rabin sa'a. Ki kai gaisuwa fada a kowane gari, in hakimi ya sa albarka ƙofofi da yawa za su buɗe. Ɗan kasuwar da zai ji nauyin ba ki kuɗi a hannu zai iya zuba muku mai a mota in an ambaci shagonsa. In kun yi zagaye ɗaya da ƙarfinku, shi ne zai zama shaidar da yaron nan mai zane yake faɗa. Da tsohuwar zuma ake magani, 'yata, hanyoyin nan da su muka yi aiki tun kafin a san intanet.

Mai shirya fim, Azare:

Baba ya yi magana. Ni gargaɗina a kan na gwamnati ne, domin mutane suna jin an ce an ware wa masu fasaha biliyoyi, su ɗauka kyauta za a raba. Yawancinsu bashi ne ko zuba jari. Shirin da Babban Banki ya fito da shi a 2019 don masu fim da kiɗa da ɗinki da fasahar kwamfuta rance ne, da ruwa har kashi 9 cikin ɗari, ta hannun bankuna. Wanda ya kasance tallafi shi ne Project ACT na 2013, Naira biliyan 3, kuma na masu fim ne kaɗai. Shirin iDICE da aka ƙaddamar a 2023, na dala miliyan 617, ta Bankin Masana'antu yake bi, kuma hankalinsa na kan kamfanonin da za su juya kuɗi. A 2023 ɗin aka kafa ma'aikata ta musamman don fasaha da al'adu, aka naɗa Hannatu Musawa minista, to yana da kyau ku riƙa bibiyar sanarwarsu. Amma kowane fom kuka gani, ku fara neman layin da ya ce za a mayar ko ba za a mayar ba.

Wasan da za ki yi wa ɗalibai kyauta ba zai biya bashi ba, ga kuma maganar kuɗin ruwa wadda da yawanmu ba za mu shiga ba. Saboda haka ki rufe wannan ƙofar.

Gidauniyar Tony Elumelu kuwa tana ba da dala 5,000 da ba a mayarwa, tana buɗe nema ranar 1 ga Janairu. Sai dai kasuwanci take tallafawa. In akwai wani a cikinku mai ɗinka kayan wasa, ko mai son ya riƙa ba da hayar lasifika da fitilu, shi ya dace ya nema da sunan sana'arsa, ƙungiya ta amfana ta gefensa.

Malami a jami'a, fannin harsuna, Kashere:

Malama, kowa ya karkata ga zagayen makarantu, ni kuwa aikinki na biyu ne ya sa na tsaya. A ganina shi ne wanda ya fi cancanci a nema masa tallafi, domin yana cin lokaci da kayan aiki, kuma in an yi jinkiri ba a maido shi.

Akwai asusu na musamman don irin wannan, amma kowanne da iyakarsa, kuma rashin sanin iyakar ne ke sa a ƙi mutum tun a zagayen farko. Gidauniyar Arcadia tana ɗaukar nauyin wasu shirye-shirye. Ɗaya yana Ɗakin Karatu na Birtaniya tun 2004, aikinsa ɗaukar hoton tsofaffin takardu da makamantansu da ke neman lalacewa, kamar rubuce-rubucen ajami da ke gidajen malamai. Wannan ba ya biyan sabon naɗi, don haka ba naku ba ne. Na biyu shi ne ELDP, wanda ya fara a Landan a 2002 ya koma birnin Balin na Jamus a 2021, na harsunan da ke fuskantar ɓacewa. Hausa da Fulatanci ba sa ciki. Amma kudancin Gombe da kudancin Bauchi cike suke da ƙananan harsuna, irin su Awak da Kushi da Dadiya da Cham, da waɗanda ke kewayen Dass da Toro, waɗanda yara ke barinsu suna komawa Hausa. In za ku naɗi waƙoƙin mata a cikin ɗaya daga cikinsu, sai ku haɗa kai da masanin harshe. Na uku shi ne EMKP a Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda ya fara a 2018, yana tallafa wa naɗar yadda ake yin abu da hannu: saƙa, rini, ƙira, ginin tukunya. Waƙar da ake yi lokacin kaɗi ko niƙa a kan dutse tana iya shiga a matsayin ɓangaren aikin, in dai sana'ar ce ginshiƙin abin da za a naɗa.

Waɗannan suna so a ga wata cibiya da kuɗin zai bi ta hannunta, jami'a ko gidan tarihi ko ƙungiya mai rajista. To ga Jami'ar Jihar Gombe a cikin gari, ga ta Tarayya a Kashere. Ki nemi malamin da ke nazarin adabin baka, ki kai masa abin da kika riga kika naɗa. Ke kina da abin da shi ba shi da shi, wato shiga cikin gida wurin mata. Amma ki tabbatar an rubuta sunanki a matsayin abokiyar aiki tun daga takardar nema, kada a mai da ke 'yar rakiya.

Wani zai ambata miki asusun UNESCO na bunƙasa al'adu, wanda ke kaiwa dala 100,000. Gaskiya ne akwai shi, amma ta hukumar UNESCO ta ƙasa ake bi, kuma ayyukan gyara tsari da manufofi yake ɗauka, ba shirya wasa ko naɗar waƙa ba. Kada ki ɓata ƙarfinki a can yanzu.

Hajiya, mai sana'ar ɗinki, Dukku:

Ni ban san harkar takardu ba, amma ina da tambaya ga Malam na jami'a. Waɗannan waƙoƙi in an naɗa, ina za a kai su? Domin iyayenmu mata ba kowace waƙa suke yi a gaban maza ba. Akwai wadda habaici ce ga kishiya, akwai wadda ake ambaton sunan mutum a ciki, jikokinsa suna nan da rai. Tsohuwa za ta sake da ke don ta ga 'yarta ce, ta rera miki abin da ba za ta so ɗanta ya ji a waya ba. Sannan kuɗin mutanen waje, ba ma jin suna zuwa da sharaɗin da ya saɓa wa addini da tarbiyyarmu?

Malami a jami'a, Kashere:

Hajiya, tambayarki ta fi duk abin da na rubuta muhimmanci. Shirye-shiryen da na ambata suna ajiye abin da aka naɗa a rumbun intanet inda mutane za su iya gani, wannan yana cikin sharaɗinsu. Don haka dole a gaya wa kowace tsohuwa, da harshen da take ji, cewa muryarta za ta iya kaiwa ko'ina, a kuma naɗi amincewarta. Wadda ta ce murya kawai ban da fuska, a yi mata haka. Wadda ta ce a cire wani baiti, a cire. Waƙar da aka ga za ta tayar da husuma a dangi, a tattauna da masu tallafin tun farko a kan taƙaita ta, ko a bar ta gaba ɗaya. A nemi iznin maigida inda al'adar gidan ta buƙaci haka, kuma mata su yi naɗin. A sa ladan tsofaffin a cikin kasafi, sannan a mayar musu da kwafi, su da iyalansu.

Akanta, Gombe:

A kan sharaɗi kuwa Hajiya, kowane mai tallafi yana da abin da yake so a yi da kuɗinsa, kuma a rubuce yake, a sanarwa da kuma yarjejeniyar da za a sa wa hannu. A karanta layi-layi, a ba wanda ya iya Turanci sosai kuma ake yarda da shi ya fassara. In an ga abin da zuciya ba ta kwanta da shi ba, a bari, babu wanda zai tilasta. Abin da ba shi da kyau shi ne a sa hannu ba a karanta ba, a karɓi kuɗi, sannan a ce ba za a yi ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tambayi mutumin sunan ƙungiyar, ya ce sirri ne, to mun rufe maganarsa. Mun zauna jiya mun yanke cewa zagayen makarantu za mu bi shawarar Baba, mu fara da na kusa. Naɗin waƙoƙi shi za mu nema wa tallafi, rajista kuma za mu fara tara kuɗinta. Saura tambaya ɗaya ga Malam akanta: yaya ake rubuta kasafi, kuma ya halatta mu sa wa kanmu lada a ciki? Wasu na cewa in an ga haka za a ɗauka kwaɗayi ne.

Akanta, Gombe:

Ki sa, Malama, in dai sharuɗɗan ba su hana ba. Mai karanta kasafi in ya ga aikin wata shida babu ladan kowa, abin da zai zo masa shi ne ko dai ba a san aikin ba, ko kuma an ɓoye ladan a wani layi. Ki rubuta a fili: mai naɗi, kwana kaza, kowace rana kaza. Mai rubuta waƙoƙin a takarda da mai fassara su ma haka, kuma kada ki raina wannan ɓangaren, domin sa'a ɗaya ta naɗi tana cin sa'o'i da yawa kafin a gama rubuta ta.

Kowane layi ya zama lissafi ne da wani zai iya bi: mutum nawa, sau nawa, a kan nawa. Ki je tasha ki tambayi kuɗin mota zuwa Dukku da Nafada, ki je kasuwa ki tambayi farashin rakoda da ma'ajiyar bayanai, ki sayi biyu don in ɗaya ta lalace. Ki rubuta ranar da kika ɗauki farashin da kuma canjin da kika yi amfani da shi, domin tsakanin nema da fitowar kuɗi watanni ne, kuma kin san yadda kaya ke tashi. In sun yarda da layin ko-ta-kwana, ki sa.

Abu biyu da ke ba sababbi mamaki. Sau da yawa ba a ba da kuɗin gaba ɗaya, ana riƙe wani kaso sai an karɓi rahoton ƙarshe, don haka ki san inda za ki samo na cike giɓi. Sannan ɗan acaɓa da mai ƙosai ba su da rasit. Ki buga 'yar takardar biya ta ƙungiya, mai kwanan wata da dalili da adadi, wanda aka biya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ranar. Wannan littafin takardun biya ku fara shi tun yanzu da kuɗin karo-karonku, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a fitar da ko nawa ne. In kin gama daftarin ki turo mini in duba miki, ba sai kin biya ba.

Mai zane, Kaltungo:

Ƙari kaɗan Anti: lokacin rufewa da agogon ƙasarsu suke lissafawa, kuma shafin yakan yi nauyi a ranar ƙarshe. Ki rubuta amsoshinki a wani wuri daban tukuna, ki rage nauyin bidiyon, ki tura saura kwana uku ko huɗu daga inda sabis ke da ƙarfi.

Hajiya, Dukku:

In za ku zo Dukku ku bari sai an gama girbi, yanzu tsofaffin duk suna gona ko suna tsaron jikoki. Ki zo da mace ɗaya ko biyu kawai, ku sauka a gidana, zuwan farko kuma gaisuwa ce, a bar rakoda a jaka. Akwai gwaggona da ƙawayenta da suka iya na niƙa sosai, zan fara yi musu magana kafin ku iso.